Kwaikwayon Zahiri a Koyar da Ɗaliban Jinya Magana da Majinyata

Kwaikwayon zahiri wata hanya ce ta ta'alimi wadda a cikinta ɗalibin jinya kan ɗaura na'ura mai kama da tabarau a fuskarsa, sai kwamfuta ta suranta masa ɗakin asibiti da majinyaci kwance bisa gado, yana nishi, yana amsa tambaya, alhali kuwa ɗalibin bai bar ajinsa ba. Maƙasudinta shi ne ya ƙware a ladubban magana, wato sallama, da sauraro cikin natsuwa, da isar da mummunan labari cikin hikima, da kwantar da hankalin dangin da suka firgita, tun kafin a damƙa masa amanar rayuka.

Asalin al'amarin daga Amurka ne, domin a 1963 likita Howard Barrows ya fara horar da lafiyayyen mutum ya kwaikwayi mara lafiya don jarraba ɗalibai, a 1968 kuma Ivan Sutherland ya ƙera na'urar gani da ake sawa a ka. Amma sai da na'urori irin su Oculus Rift suka shiga kasuwa a 2016 makarantu da dama suka iya mallakarsu.

Fa'idar wannan hanya ita ce ɗalibi yana iya maimaita darasi sau da yawa, kuskurensa bai cuci kowa ba, daga bisani malami ya zauna da shi su yi bitar kalamansa. Illarta kuwa tsada, da jiri ko tashin zuciya da kan kama wasu. Saboda haka share fage ce kawai, ba ta maye gurbin zama gaban majinyaci na haƙiƙa.