Sulen kakan babana

Kakan babana bai bar hoto ba, kushewarshi ma ba mu san ta ba. Takarda guda ta rage, inda nasara ya rubuta an haife shi "wajen 1905". Wannan "wajen" shi ne ranar haihuwar kusan duk talakan ƙauye na lokacin. Tsofaffinmu da yunwa suke ƙirga: suna cewa yana kiwon awaki Kakalaba ta faɗo, wato 1913 zuwa 1914. To, lissafi ya yi kusa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bakin ɗiyarshi, kakata, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka gan shi. Ƙauyenmu kudu da Maraɗi yake, dala da tamma muka sani, haraji kuwa lanho ake ce mishi. Amma ita har gobe sule take cewa, da sisi, da kwabo. Kuɗin Ingilishi ke nan. A ina ta samo su?

Da na matsa mata, sai ta ce a ƙasar Katsina aka yaye ta. Ubanta ya gudu ne da dare da iyalinshi, saboda aikin dole da lanho, kamar yadda mutane da yawa suka ƙetare iyaka. Bai komo ba sai da Faransa ta soke aikin dole a 1946. Ya tarar ƙaninshi na noman gonar, kuma jikokinsu har yau ba su gama shari'a kanta ba.