Maƙalewar ƙwai

maƙalewar ƙwai (suna, mace): larurar da ƙwai kan tsaya a cikin kaza ya ƙi fitowa. Lafiyayyar kaza kan haɗa ƙwai cikin awa 24 zuwa 26. Wadda ya maƙale wa kuwa sai ta yi ta shiga akurki tana yunƙuri, jela a ƙasa, ko tsaba ba ta kallo.

Yawanci ƙarancin sinadarin kalsiyam ne sila, ba abin mamaki ba ga kajin gida a garuruwa irin su Ƙofa ko Kiru, masu rayuwa kan dusa da tsince-tsince. Wajen magani, akan zaunar da kazar cikin ruwan ɗumi kamar minti 20, a shafa mata man gyaɗa a dubura. Ba a matsa cikin, don fashewar ɓawo a ciki babban haɗari ne. In ƙwan ya ƙi fita, sai likitan dabbobi.

Dakakken ɓawon ƙwai cikin dusa kan rage aukuwarta.