Lancia Delta: Motar cefane da ta gagari duniya shekara shida

Wanda ya ga Lancia Delta a 1979, shekarar da kamfanin Lancia na birnin Turin a Italiya ya fito da ita, ba zai ce za ta taɓa shiga fagen tsere ba. Ƙaramar mota ce mai ƙofa biyar da siffar akwati, wadda Giorgetto Giugiaro ya zana domin magidanci ya kai yara makaranta. An zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1980, aka ɗauka iyakarta ke nan.

Mutuwa ce ta buɗe mata hanya. A tsakiyar shekarun 1980 gasar rali ta duniya, wato tseren da ake yi a kan burji da ƙanƙara da hanyoyin duwatsu, tana hannun wasu dodannin motoci na rukunin B, masu ƙarfin doki sama da 400. Ranar 2 ga Mayun 1986, a tsibirin Kosika, motar direban Lancia Henri Toivonen ƙirar Delta S4 ta rukunin B ta kauce hanya, ta faɗa kwazazzabo, ta kama da wuta. Shi da mai karanta masa hanya, Sergio Cresto, babu wanda ya fita. Hukumar tseren ta soke rukunin B, ta koma rukunin A: daga 1987 sai motar da aka ƙera aƙalla 5,000 irinta aka sayar wa jama'a.

Dokar ta zo wa sauran kamfanoni ba shiri. Lancia kuwa tana da Delta HF 4WD a ajiye, mai injin lita biyu da turbo, tayoyinta huɗu duk suna ja. Injiniyoyin kamfanin Abarth suka gyara ta domin tsere, aka yi mata farin fenti mai ratsin shuɗi da ja na kamfanin Martini. Fitarta ta farko, a Monte Carlo cikin Janairun 1987, Miki Biasion ya zo na ɗaya da ita.

Daga nan fa sai abin ya zama jiki. A 1988 aka faɗaɗa mata kafaɗu domin manyan tayoyi su samu wuri, aka raɗa mata suna Integrale. A 1989 aka ƙara wa injin bawul zuwa 16, har sai da murfinsa ya yi tozo. Kofin kamfanoni bai bar gidan Lancia ba daga 1987 zuwa 1992, sau shida a jere, da nasara 46. Biasion ya ɗauki kofin direbobi a 1988 da 1989, Juha Kankkunen ɗan Finland kuma a 1987 da 1991.

Nasarar da ta fi burge ni ita ce ta Kenya. Tseren Safari ya daɗe yana kunyata Lancia, domin taɓo da ƙura da ramuka ba su san sunan kamfani ba. A 1988 aka ɗaga Integrale sama, aka ɗaura mata ƙarafan kariya a goshi, Biasion ya ratsa dubban kilomitoci ya kawo wa kamfanin kofin Safari na farko. Ya maimaita a 1989, Kankkunen ya ƙara a 1991.

An daina ƙera Integrale a 1994. Toyota da Subaru da Mitsubishi sun karɓi fagen bayanta, kowa ya yi zamaninsa, amma har yau babu wani kamfani da ya jera kofi shida kamar yadda wannan ƙaramar mota ta Turin ta yi.