Burtuntuna a Gonakin Tsiga da Tarihin Binciken Ƙwayoyinta

Tun kafin malaman gona su fara zagaya ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, manoman Tsiga, garin da yake cikin ƙaramar hukumar Bakori a yau, sun san burtuntuna, wato cutar da take mayar da tsabar dawa baƙin gari a jikin zangarniya, kuma dabarar da suka gada ita ce zaɓen lafiyayyun zangarku su ajiye domin irin baɗi. Dabarar tana da tushe, amma ba ta wadatar ba, domin a masussuka kumburin cutar yake fashewa, garin ya manne wa tsaba mai kyau, ya kwana da ita a rumbu har damina ta zagayo.

A Turai aka fara gane sirrin wannan gari, ta hanyar cutar alkama mai kama da burtuntuna. Mathieu Tillet na Faransa ya nuna a 1755 cewa garin yana harbin iri, sannan a 1807 Bénédict Prévost ya tabbatar cewa garin ƙwayoyin wata halitta ce dangin funfuna, masu rai da tsiro. Abin da ya rage shi ne yadda suke hayayyafa. Albert Blakeslee na Amurka ya gano a 1904 cewa wasu nau'o'in funfuna jinsi biyu ne, waɗanda ido ba ya bambanta su, Hans Kniep na Jamus kuma ya samu haka a dangin burtuntuna a 1919.

Hanyar gwajin tana bukatar haƙuri matuƙa. Mai bincike yakan tsirar da ƙwaya ɗaya ta baƙin garin a kan farantin gilashi mai ɗauke da abincin funfuna, idan ta fitar da 'ya'yanta, waɗanda galibi huɗu ne, sai ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da siririyar allura yana kallo ta madubin hangen ƙananan halittu, ya raini kowace a farantinta. Daga nan sai ya haɗa su bibbiyu. Waɗanda jinsinsu ɗaya ne sukan zauna a daskare, ba wani canji, amma idan jinsi ya bambanta sai su haɗe, farin gashi mai kama da auduga ya rufe wurin, kuma masu binciken burtuntunar masara sun riƙa zuba garin gawayi a cikin abincin domin farin ya fito sarai. Hukuncin ƙarshe na shuka ne, domin zaren da haɗuwar ta haifar kaɗai yake iya shiga jikin dawa. Da irin wannan aiki H. A. Rodenhiser ya nuna a 1932 cewa nau'o'i biyu na burtuntunar dawa suna iya haɗuwa su haifi gauraye.

Amfanin wannan ilmi ya iso ƙasar Funtuwa ta Samaru, inda aka kafa tashar binciken noma a 1922, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tunda ƙwayoyin da ke jikin tsaba suna haɗuwa ne su shiga dawa tun tana sabon tsiro a cikin ƙasa, cuɗa iri da magani kafin shuka ya isa ya katse cutar, kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya taimaka wajen kusantar da kayan noma ga ƙauyuka a zamanin da aka san magunguna irin Fernasan D da Aldrex T. Sai dai haɗuwar jinsi tana iya fitar da sabon launin cutar da zai rinjayi dawar da a da take jure mata, saboda haka duk sabon irin da za a ba manoman Tsiga ya cancanci a gwada shi da burtuntunar da aka ɗebo daga gonakinsu.