Wuri: Ɗakin Wata Halitta Da Ya Zama Kuɗi

'Yan uwana mata, ranar da muke kwashe kayan kakarmu a Madadi bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙanta, mun tarar da wata 'yar tukunya a ƙarƙashin gado, cike da wuri. Yara suka ɗauka duwatsun wasa ne. Ni kuwa sai na tsaya ina juya ɗaya a tafin hannuna, don wannan abin shi ne asalin kalmar da ke hana mu barci. Idan ɗaya ne wuri, idan da yawa ne kuɗi.

To shi wuri ba dutse ba ne. Ɗaki ne na wata halittar teku, 'yar uwar dodon koɗin nan da yaranmu ke tsinta a bakin rafi da damina suna wasan katantanwa. Jikinta laushi, ba ƙashi, sai Allah Ya ba ta wata fata mai tsattsafo da sinadarin da take samu daga ruwa da abincinta. Sinadarin nan, da Turawa ke kira kalsiyam kabonet, shi ne dai na ɓawon ƙwai. Fatar kan fara shimfiɗa wani siririn abu kamar danƙo, sannan ta riƙa jera sinadarin a kai, shafi bisa shafi, kamar yadda muke yaɓen ɗaki. Tana girma tana ƙara gini daga bakin ƙofa. Tun tana ƙarama ɗakin a murɗe yake irin na katantanwa, sai ta manyanta bakin ya lanƙwashe ciki ya fitar da 'yan haƙoran nan. Sheƙin da kike gani kuwa, fatar ce kan fito ta lulluɓe bayan ɗakin tana ƙara masa shafe. Ki ɗiga lemun tsami a kan fasasshen wuri, za ki ga 'yan kumfa, tsami na cin sa.

Abin mamaki, mu da ba mu da teku! Wurin asali daga tsibiran Maldif yake, kudu da Indiya. Can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su manne, a jawo a shanya a rana har naman ya ruɓe. Ibn Baɗuɗa ya zauna can wajen 1343, ya ga ana ba da wuri 400,000 a dinari ɗaya, da ya zo Mali kuma ya tarar dinari bai wuce 1,150 ba. Kin ji riba.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Da Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 ce. Ba a shirya shi a zare, sai a zube a riƙa ja biyar-biyar da yatsu. Wuri 20,000 shi ne keso guda, kayan ƙato ɗaya. Ki ƙiyasta kai sadaki ke nan.

Abin da ya karya shi yawa ne. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka shiga jigilar wani irin wuri daga Zanzibar, mai araha, suna zubewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma jirgi-jirgi. Daraja ta yi ta zubewa, har ya zamana ɗaukar kuɗin zuwa nesa na cinye kuɗin. A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da shi, aka kawo sule da kwabo da anini.

A ganina mata suka fi jin jiki. Attajiri yana da dawaki da kaya. Mai ƙuli-ƙuli da mai kaɗi kuwa, da wuri suke ciniki, shi suke tarawa a tukunya don kayan ɗakin 'ya'yansu. Ya daɗe yana yawo a kasuwannin ƙauye, sannu a hankali aka daina karɓa, ya koma adon ƙwarya da kitson yara da kayan 'yan bori.

Na kakarmu mun ƙirga shi biyar-biyar, ni da ƙanwata, muka ɓata lissafi sau biyu muka haƙura. Na ɗebi cikin hannu na ajiye a cikin kwalla, sauran yara suka watse da shi.