YADDA FARGABA TA SAMU SUNA A LITTAFIN LIKITA

Mu marubuta mun saba rubuta "gabanta ya faɗi", amma akwai wanda nasa gaban kullum a faɗe yake, ba dalili: ba barci, jiki a ɗaure, zuciya na ta saƙa mugun abu. Likitoci sun daɗe kafin su ba wannan hali suna.

A 1895 Sigmund Freud na Biyana ya ware ciwon fargaba daga tarkacen da ake kira raunin jijiya. Aka ci gaba da haɗa shi da firgita ta farat ɗaya har 1980, lokacin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta raba su a kundinta na uku. A 1987 aka ce sai damuwar ta kai wata 6 kafin a kira ta ciwo. Kafin nan Valium, da ta fito a 1963, ta zama abin sha kamar goro, sai daga baya aka gane tana kama mutum.

A ganina babban sauyi ya zo ne a 2006, da Robert Spitzer da abokansa suka fitar da GAD-7: tambayoyi 7 kacal kan mako 2 da suka wuce. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ma zai iya yi, ba sai an je Dawanau ba. Wanda makinsa ya kai 10 sai a zurfafa bincike, maimakon a sake rubuta masa maganin taifot. Magani a yau shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, ko ƙwayoyi irin su sertraline, masu ɗaukar makonni kafin su fara aiki.