Daga Ƙullin Kaya Zuwa Gidan Alharini: Tarihin Bojagi

A zamanin daular Joseon, wadda ta kafu a Koriya a 1392, kayan aure da kyauta da tufafin ajiya duk a cikin wani ƙyalle mai kusurwa huɗu ake ƙulle su. Sunansa bojagi. Na fada alharini ne mai ado. Matan talakawa kuwa guntayen yadin da suka rage bayan ɗinkin tufa suke harhaɗawa, su fitar da wanda ake kira jogakbo. Gwanayensu sukan lanƙwasa bakin kowane guntu a cikin na kusa da shi kafin su bi da allura, har ya zamana ƙyallen ba shi da ciki ba shi da baya. Idan da mosi aka yi shi, wato yadi shara-shara na zaren wani tsiro da matan yankin Hansan ke tsagawa da haƙori, haske ratsa shi yake yi, layukan ɗinkin su fito raɗau. UNESCO ta sanya saƙar mosin Hansan cikin kayan gadon duniya a 2011.

Da jaka da akwati suka yawaita, bojagi ya ja baya. Wani mai suna Huh Dong-hwa ya bi yana tattara shi, ya buɗe gidan adana kayan ɗinkin ado a Seoul a 1976. Masu kallo suka shiga kwatanta bojagi da aikin shahararren mai zanen nan Mondrian. Yabo ne, amma a ganina ya tauye shi, domin abin da aka ɗinka don ya rungumi kaya sai ga shi shimfiɗe a bango.

Mai fasaha Kimsooja, haifaffiyar garin Daegu a 1957, ta mayar da hankali kan ƙullin kansa. Ta ɗaure tsofaffin tufafi cikin mayafan gado masu launi, irin ƙullin masu ƙaura da ake kira bottari. A 1997 ta loda su a motar kaya, ta hau can ƙololuwa ta zauna, aka zaga da ita kilomita 2,727 a cikin Koriya.

Wani mai fasahar kuma, Do Ho Suh, ya kai abin ga gini. A 1999 ya auna gidan iyayensa na gargajiya da ke Seoul, tun daga ƙyaure har rufi, aka ɗinka kwatankwacinsa da koren alharini, aka rataye shi a sama a Los Angeles. Matan da suka ƙware a ɗinkin tufafin gargajiya ne suka taya shi aikin. In an gama baje koli, sai a ninke gidan a sa a akwati, a wuce gari na gaba.